Taurari Biyar Daga Tsakiyar Teku

Zuwa ga ƙanwata Bokanyar Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Kawu da sauran mutanen gida. Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da ciwon baya, wanda duk mai wuni a duƙe gaban inji ya san shi. Jirginmu ya tsaya lodin kaya, waya ta samu sabis, shi ne na ce bari in rubuta da hannu in ɗauki hoto in turo miki. Na san ko na kira, kina bayan kanta kina sallamar masu sayen magani, ba za ki ɗaga ba.

Za ki ce sai da buƙata ta taso na tuna da ke. To, haka ne, ban musa ba. Amma kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko kin ƙi ko kin so ni yayanki ne. Kuma Inna ta sha gaya min duk danginmu babu mai kula da ita kamarki, tun da aka kawo ki reshen da ke unguwarta.

Albishirinki. Na raba Inna da wahala. Kafin in taso na sauke manhajar kamfaninku a wayata, na sa takardar likitanta a ciki, maganin suga da na hawan jini duka, na haɗa da asusuna na banki. Yanzu duk wata kuɗin zai fita da kansa, mai babur ya kai mata magani har ƙofar ɗaki. Babu sauran jan gwiwa zuwa kantinku, babu bin layi, babu zancen albashina ya makara. Ko ina tsakiyar teku ina barci, maganinta zai je. Wallahi ranar da na gama haɗa abin nan ji na yi kamar an sauke min dutse daga ka.

Duk tashar da muka tsaya sai in tarar da saƙo: an biya, an kai, yaya ka ga hidimarmu? Ni kuwa sai in danna musu taurari biyar cif. Ki gaya wa manajanku akwai wani makanikin jirgi mai baƙin hannu da yake yi muku talla kyauta, ya kamata a tuna da shi.

Roƙona ɗaya ne, in kin samu sarari ki riƙa leƙa ta. Ki gaida Kawu, ki ce masa agogon da na yi masa alkawari yana nan tafe.

Yayanki na ruwa.

*

Zuwa ga Sarkin Ruwan da bai iya iyo ba,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na kuma yi mamakin cewa har yanzu rubutunka kamar tafiyar kaza yake. Muna lafiya. Baba yana fama da tari amma da sauƙi, ya ce in gaya maka ya daina jiran agogo, ya koma duba rana. Allah ya ba ka sauƙin bayan, ka daina ɗaga abin da ya fi ƙarfinka.

Abin da ka yi wa Gwaggo abin kirki ne, Allah ya saka maka da alheri. Na faɗi wannan tun farko don kar ka juya min magana.

Da ka ga kantinmu yanzu ba za ka gane shi ba. Bencin nan na jikin taga, inda tsofaffi ke zama su huta kafin su koma, an fitar da shi. An kafa na'ura a wurin, mutum ya kara wayarsa ya biya ya wuce. A saman kanta kuma an liƙa mana wani allo. In mutum ya tsaya gabana yana kore, in ya ɗan jima sai ya koma ja, manaja ya leƙo daga ofis yana gyaran murya. Ya ce abokin ciniki na zamani ba ya son jira. Da gaskiyarsa ta wani fannin, matasa suna jin daɗin abin, ni ma na huta da rigimar canji.

Sai dai, Yaya, Gwaggo ba 'yar zamani ba ce. Da can in ta zo, takan zauna a bencin ta ba ni labarin unguwa kaf, wanda ya haihu da wanda ya yi faɗa da matarsa, ni kuma in auna mata jini. Kafin ta tafi in zana babbar da'ira da baƙin alƙalami a kwalin maganin safe, in ɗaura kyauron roba a na dare. Da haka take gane su. Kunshin da mai babur ke kai mata ba daga reshenmu yake fita ba. Daga babban siton kamfani yake, can bayan gari, kuma babu wanda ya san ta a wurin, balle ya ɗaura mata kyauro.

Ga abin da ya tsaya min a rai. Zuwanta na ƙarshe, na miƙa mata leda, sai hannunta ya wuce ta gefe ya kamo iska. Ta yi dariya ta ce fitilun kantinmu ne suka cika haske. Sannan ta ce in karanta mata sunan da ke jikin kwali, ita da take karanta min shi da kanta har tana gyara min. Mai ciwon suga in ido ya fara haka, ba abin wasa ba ne.

Na so in duba abin da ake aika mata, na'ura ta hana ni. Ta ce asusun naka ne, sai da lambar sirri da za a tura wayarka, wayarka kuwa tana can tana shan iskar teku. Saboda haka ina roƙonka abu ɗaya. A manhajar akwai inda aka rubuta a kai gida, akwai inda aka rubuta a karɓa a reshe. Ka mayar da shi na biyun. Kuɗi zai ci gaba da fita daga wayarka yadda ka tsara, ita kuma ta riƙa zuwa wurina tana karɓa, in gan ta ta gan ni. Kujerar kaina zan fito mata da ita. Dama manaja kullum ƙorafinsa masu shigowa reshenmu sun ragu, ka ga shi ma ba zai ce komai ba.

Ka kula da kanka. In jirgi ya fara tangal-tangal ka tuna ba ka iya iyo ba.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Allah ya ƙara wa Kawu sauƙi.

Takardarki ta same ni a wannan tashar. Ina gama karantawa na kira Inna. Muryarta garau. Ta ce idonta lafiya lau, jiya ma ta gama ɗinka wa 'yar maƙwabta riga. Ta ce duk layinsu babu tsohuwar da ake kawo wa magani har gida sai ita, in babur ya tsaya mata har leƙowa suke yi. Ta sa min albarka har sai da katina ya kusa ƙarewa.

Sai na koma na sake karanta takardarki a hankali, kuma a ƙarshenta na gane inda aka dosa. Ashe masu shigowa reshenku ne suka ragu. To ki yi haƙuri, ba gwiwar uwata ce za ta cike wa manajanku giɓi ba. Matar da hawa matakala biyu ke sa ta haki, ita za a ce ta riƙa tsallaka babban titi duk wata don allo ya nuna an samu ƙarin mutum ɗaya?

Na san abin da dangi ke faɗa a kaina. Ɗa ɗaya tilo, ya tsallake ya bar tsohuwa ita kaɗai a ɗakin haya. Babu wanda ya taɓa tambaya da me ake biyan hayar. Ina wuni a ɗakin inji cikin zafin da ko kare ba zai zauna ba, kunnena ɗaya ya fara toshewa, duk don kar ta nemi wani abu ta rasa. Yanzu na samu abu guda da zan iya yi mata daga nesa, na yi shi da kyau, shi ma an ce bai yi ba. Daga bakin kowa na yi tsammanin haka ban da naki. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Tsarin zai zauna yadda yake. Za mu shiga doguwar tafiya, za a jima ba a ji ni ba.

Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Na gode da fassarar da ka yi wa maganata. Ba a ƙara min ko sisi in Gwaggo ta shigo, ba a rage min in ba ta shigo ba. Na ambaci manaja ne don ka san ba zai hana ni fito mata da kujera ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, uwarka ce, ka fi ni iko.

Dama ƙarshen watan nan za a mayar da ni reshen da ke ɗaya ƙarshen gari, mota biyu ake hawa. Ka ga hankalinka sai ya kwanta, ko ta zo ba ni za ta tarar ba.

Allah ya kai ku lafiya.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya a duk inda kake. Baba ya warke sarai. Ni ma lafiya, sai gajiyar hanya, don sabon reshen nan ina fita da sassafe ba na dawowa sai rana ta faɗi.

Na yi niyyar ba zan sake rubuta maka ba sai ka ba ni haƙuri. Watanni sun shuɗe, na ga fushin ba shi da amfani ga kowa. Ranar hutuna na je wurin Gwaggo, kuma abin da na gani ya fi ƙarfin in yi shiru.

Na tarar da ƙofarta a buɗe, tana zaune bakin gado tana fuskantar ƙofar. Na tsaya a gabanta, Yaya, tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma ba, tana kallona tana murmushin da ake yi wa baƙo. Sai da na yi sallama ta ce, "Au, 'yar kanti ce! Shigo mana, kin tsaya kamar mai karɓar haya."

Keken ɗinkinta yana lulluɓe da zane, an ɗora tukwane a kai. Na ce, "Gwaggo, an daina ɗinki ne?" Ta ce zare ya yi tsada. Na shafa zanen, ƙura ta kama min hannu. Rigar da ta ce maka ta ɗinka wa 'yar maƙwabta, ban san a wane keke aka ɗinka ta ba.

Ta tashi ta zuba min ruwa. Kofin ya cika, ya fara zuba a kan tire, ita kuwa tana ta tsiyayawa tana ba ni labari, sai da ruwan ya taɓa mata yatsa ta tsaya.

Na ce, "Gwaggo, kawo magungunanki in ɗaura miki kyauro yadda muka saba."

Ta ce, "Ke gaisuwa kika zo ko bincike?"

Na ce gaisuwa. Ta ce to in zauna in sha ruwa. Da na matsa, ta laluba kwandon da ke gefen gado ta ɗago kwalin maganin suga ta kaɗa min shi, ta ce, "Ga shi nan, komai yana zuwa a kan kari. Wayar yayanki ta fi ni da ke sanin abin da take yi." Na fito da abin awon jini daga jaka, ta janye hannunta ta ce ba ta son a matse mata damtse yau. Ka san Gwaggo in ta kafe. Ni kuma 'yar ɗan'uwa ce ta nesa, ba ni da hurumin buɗe mata kwando da ƙarfi.

Da zan tafi ta riƙe min mayafi ta ce, "Kar ki rubuta masa zancen kofin nan. Yaron nan ya wahala ya yi min abin da zai kwantar masa da hankali. In ya ji wani abu zai ajiye aikinsa ya taho, in zame masa kaya. Ki bar shi ya yi barci."

Na ce mata to. Ga shi na karya alkawari, Allah ya yafe min.

Na kira layin kamfaninmu a matsayin 'yar'uwarta. Na'ura ta yi ta yawo da ni, danna ɗaya, danna uku, daga ƙarshe wata mai daɗin murya ta ce ba za su iya magana da kowa ba sai mai asusu. Na ce ni ma'aikaciyarku ce. Ta ce ta gane, amma doka ce, sannan ta tambaye ni ko akwai wani abin da za ta taimaka min da shi. A wurin kamfani kai ne majinyacin, Yaya. Gwaggo adireshi ce kawai.

Labarin zuciya a tambayi fuska, kai kuma murya kaɗai kake ji. Na roƙi maƙwabciyarta, matar nan mai sayar da gawayi, ta riƙa leƙa ta, na bar mata lambata. Ranar hutuna mai zuwa zan yi ƙoƙarin lallaɓa ta mu je asibitin ido. Don girman Allah, kana samun sabis ka kira ni kafin ka kira ta. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ban ji daga gare ka ba, na san ba ku iso tasha ba. Ka fara da sanin cewa Gwaggo tana da rai, tana magana, tana cin abinci. Sauran ka karanta a zaune.

Ranar hutun tawa ba ta zo ba. Ina bayan kanta mai gawayi ta kira ni. Ta ce ta tarar da Gwaggo zaune a ƙasa bakin ƙofa ta riƙe kai, tana cewa wa ya saki baƙin labule a ɗakin. Na bar mutum a gabana, allo yana ja, na fita. Muna asibiti yanzu. Likita ya auna jininta ya sake aunawa, ya dube ni ya ce wace ce ke kula da maganinta. Ya ce jini ya hau ya fasa jijiya a cikin idon hagu, kuma alamu sun nuna ta daɗe ba ta sha maganin hawan jini ba.

Na ce ba zai yiwu ba, duk wata ana kai mata. Gwaggo daga kan gado ta ce, "A'a, wannan ai sun daina kawo shi tuntuni. Na ɗauka likita da wayar sun yi shawara sun ga na warke."

Na ce, "Gwaggo, ban da maganin suga, me kike tararwa a cikin kunshin?"

Ta ce, "Sai 'yan kyaututtukan nan nasu. Mutanen kirki ne, ba sa zuwa hannu rabbana. Ina tara wa yayanki a aljihun tebur na ƙasa."

Ka san kamfaninmu yakan jefa 'yar kyauta a kunshin masu biya ta waya, ƙaramin sabulu ko man goge baki, wai don a ji daɗi a ba su taurari. Na karɓi makulli na je ɗakin. Na jawo aljihun. Ta jera komai tsaf, sabulu gefe guda, man goge baki gefe guda. A tsakiya kuma ga kwalayen maganin hawan jini, wata bayan wata, ko ɗaya ba a ɓare ba.

Sito ne suka canja kamfanin da suke saye a wurinsa. Maganin ɗaya ne, amma tsohon kwalin dogo ne siriri, shi hannunta ya sani. Sabon ɗan gajere ne mai faɗi, daidai girman sabulun kyauta. Ido ba ya karanta rubutu, hannu ya ce sabulu ne, ita kuma ta ƙi tambayar kowa don kar a gane ba ta gani. Na bincika a wurin aiki, an ce sun aika sanarwar canjin ga duk mai asusu. Tana cikin wayarka.

Na zauna a ƙasan ɗakin nan na yi kuka har mai gawayi ta shigo ta ɗaga ni. Da a kantinmu aka miƙa mata kwalin nan, magana ɗaya ce, "Gwaggo, riga kawai ya canja, shi ne dai." Shi ke nan.

Likita ya ce na hagu sai dai addu'a. Na dama suna ƙoƙari a kansa, suga ta riga ta taɓa shi amma akwai sauran fata. Gwaggo ta ce kar in gaya maka. Na ce mata wannan karon ko to ɗin ba zan ce ba.

Ka zo.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Yau muka iso. Waya tana kama sabis saƙonni suka yi ta shigowa, takardunki biyu a jere. Na karanta su a tsaye a kan matakalar jirgi.

Na nemo sanarwar. Tana nan, tsakanin tallan rangwamen man shafawa da saƙon taya ni murnar zama abokin ciniki na zinare. Ta iso tun muna waccan tashar. Na gan ta a lokacin, na ɗauka talla ce, na wuce ta na je na danna taurarina biyar. Kowane wata suna tambayata yaya na ga hidimarsu, ni kuma ina amsawa, alhali ban taɓa ganin kunshin nan da idona ba.

Maganar da na gaya miki a kan manaja, ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Kin hango rami kin yi min ihu, na ce kina da wata manufa. Ki yafe min, ba don na cancanta ba.

Na shiga wurin kyaftin. Ya ce in na sauka kafin kwantiragi ya cika ba lallai su sake ɗaukata ba. Na ce na ji. Ina neman jirgin sama. Ki riƙe min hannunta kafin in zo, ki ce mata hutu aka ba ni.

Yayanki.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin huta, don satin nan kin yi abin da ɗan cikinta bai yi ba. Na zo reshenku ɗazu don in gan ki, na tarar da layi, na ga allon nan da kike faɗa yana kore yana ja a saman kanki. Na ce kar in jawo miki gyaran muryar manaja. Na zauna a kan dakalin waje na rubuta wannan, zan bar ta wurin mai gadi. Wataƙila ma hakan ya fi, don akwai abin da bakina ba zai iya faɗa ba.

Mun koma asibiti jiya. Na hagu ya tafi, likita bai yi min kwana-kwana ba. Na dama tana ganin haske da inuwar mutum, ya ce in aka riƙe jini da suga zai iya tsayawa a haka. Ya ce da an zo tun lokacin da hannunta ya fara kuskure, da labarin ya bambanta. Na san wadda ta gaya min a lokacin, na kuma san amsar da na ba ta.

Maganinta yanzu ni nake ba ta da hannuna. Na sayo kyauro, na ɗaura a na dare yadda kika nuna min, ko da yake ta ce ɗaurin nawa ba shi da kyau kamar naki. Na fara tambayar aiki a garejin manyan motoci da ke bayan kasuwa. Inji dai inji ne.

Da muka dawo gida ta sa na jawo aljihun tebur. Ta ce in kwashe sabulaina, ta gaji da gadinsu. Tana lalubawa tana miƙo min ɗaya bayan ɗaya, tana cewa wannan mai ƙanshin lemo ne, wannan ka riƙa wanke baƙin hannun nan da shi. Ina karɓa ina godiya.

Muna cikin haka aka yi sallama a ƙofa. Mai babur ne, wani dattijo mai furfura a gemu, da kunshin wannan watan. Na manta ban tsayar da abin ba. Kafin in miƙe Inna ta gane muryarsa, fuskarta ta washe yadda ban ga ta washe ba tun da na zo. Ta tambaye shi jikin matarsa, ya tambaye ta ina ta shiga kwana biyu. Bai zauna ba, ya ce wayarsa tana ƙirga masa lokaci, ya yi mata Allah ya ƙara sauƙi ya tafi.

Ko ƙarar babur ɗin ba ta ɓace ba wayata ta yi ƙara. An biya, an kai, yaya ka ga hidimarmu? Na ce, "Inna, yau tauraro ɗaya zan ba su, da akwai ƙasa da haka ma shi zan danna."

Ta laluba ta kama min hannu. Ta ce, "Kul. In ka rage musu, ba masu kamfani za a taɓa ba, bawan Allahn nan za su kora. Ba su biyar ɗinsu."

Na ce, "Inna, bayan abin da ya faru?"

Ta ce, "Shi me ya yi? Tun da na daina zuwa kanti, in ka cire mai gawayi da 'yar'uwarka da suka zo daga baya, shi kaɗai ne yake min sallama a ƙofar nan. Duk wata nakan yi wanka in sa zane mai kyau in zauna jiransa."

Ƙanwata, ni na yi mata wannan. Ina can ina alfahari na raba ta da wahala, ashe da mutane na raba ta.

Ba ta sake min hannu ba sai da na danna. Ta ce, "Nawa ka ba su?" Na ce biyar. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

In kin tashi aiki ki biyo, tana tambayarki. Ki yi sallama tun daga ƙofa, don ta san ke ce.

Yayanki.